Ranar da Muntari Bai Ce "Mai Girma" Ba

Shekara goma sha takwas Muntari, mutumin Kara-Kara, ya yi yana kawo labarin ƙwallo a wani gidan rediyo a Zinder. Wata Lahadi wani depite ya zo kallon wasa. Muntari ya faɗi sunansa kawai, ya koma kan 'yan wasa.

Washegari darekta ya kira shi. "Malam Muntari, ina 'mai girma'? Shi fa yake zuba mana man inji."

"Ranka ya daɗe, ai ba shi ya ci ƙwallon ba."

A ranar aka sallame shi. Ya zaga sauran gidajen rediyo, kowa ya ce za a neme shi. Shekara huɗu ke nan yana sayar da albasa a kasuwar Dole, muryar ma ta soma dushewa.