Ranar Da Na Shanya Faya-fayan Makcik

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekaru huɗun da muka yi a Kuala Lumpur, wasu tuni na manta da su. Amma ranar da na kwashi faya-fayan garmahon maƙwabciyata na shanya a rana, wannan kam ko tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina.

A Taman Melati muka zauna, hawa na tara na wani dogon bene. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina gida. Bango ɗaya ne ya raba mu da wata dattijuwa 'yar ƙasar, wadda kowa ke kira Makcik, wato inna a harshensu. Ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo tana aure a wata jiha mai nisa. Tsohuwar nas ce. A Ingila ta yi karatu da aiki tun tana budurwa, kuma daga can ta kwaso wani ciwo da bai taɓa sakinta ba, wato son kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira soul.

Ba zan ɓoye ba, da farko haushinta nake ji. Tsohuwa da mayafi har ƙirji, ga carbi a hannu, amma kullum da hantsi sai kiɗa ya ratso bango ya same ni a kicin. Na sha ce wa maigidana, "Malam, wannan baiwar Allah ba ta san ta girma ba ne?" Shi dai sai ya yi dariya ya ce ai da an kira salla take kashewa, in bar ta ta sha iska.

Annobar korona ce ta rufe min baki. Na haihu cikin dokar kulle, an rufe iyakoki, mahaifiyata da ta gama shirin zuwa ta yi min wankan jego ba ta samu hanya ba. Na dawo daga asibiti da jaririya ban san ta inda zan fara ba, sai kuka. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Makcik ce, da takunkumi a fuska, da tukunyar ruwan zafi mai ganyaye, da wani dogon ƙyalle da suke ɗaure wa mai jego ciki. Ba ta tambaye ni ko ina so ba. Kwana arba'in cif ta yi tana zuwa, ta gasa min jiki, ta ɗaure min ciki, ta dafa min farfesun kaza da citta. Tun daga lokacin take ce min "'yata," ni kuma bakina ya daina iya cewa komai a kan kiɗanta.

Abin dariya ma, 'yar jaririyar ba ta barcin rana sai an kai ta falon Makcik an sa mata faifai. A haka na fara zama ina saurare, ita kuma ta samu ɗaliba.

"Ba kowane soul ba ne nawa, lah," in ji ta, da lah ɗin nan da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana. "Akwai na farko, mai sauri, na masu rawa har su yi gumi. Akwai na baya, wanda aka goge shi ya yi santsi da yawa. Nawa na tsakiya ne, na shekarun da ake tsallakawa daga wancan zuwa wannan. Shi ya sa muke ce masa crossover. Saurari gangar. Ba gudu take ba, ba kuma jan ƙafa take ba."

Na saurara, na kuwa ji. Tafiya ce irin ta macen da ta gama aikinta ta nufi gidan ƙawarta.

Tana da ƙungiya ta masu irin ciwonta, yawancinsu tsofaffi, wasu a Ingila, wasu a Japan, duk ranar Lahadi da la'asar suna haɗuwa ta kwamfuta. Da kulle ya ishe su, sai suka ƙirƙiro wa kansu aiki: kowa ya kawo faya-fayan da yake ganin su ne ainihin crossover, waɗanda in baƙo ya ce a nuna masa wannan kiɗa, su za a sa masa. Makonni suka yi suna musu kamar za su daku. Da aka gama zaɓe, bakwai daga cikin waɗanda suka ci suna hannun Makcik. Wanda ya zo na ɗaya ma nata ne, wani ƙaramin faifai mai tambarin rawaya, muryar mace, wanda ta saya da albashinta na farko. Ta ce kaɗan aka buga kamfanin ya rushe, kuma duk ƙungiyar ita kaɗai ke da shi. Ta ware bakwai ɗin nan a wani ƙaramin akwatin kwali. Aka sa ranar da za ta sa wa kowa mai rawayan ya ji.

Kwana uku kafin ranar, zazzaɓi ya kwantar da ita. Gwaji ya nuna cutar ce. Da motar asibiti ta zo, daga nesa ta nuna min inda ta ajiye makulli a kan ma'ajiyar takalma, ta ce, "In an yi wa gidan feshin magani, ki riƙa buɗe min taga. Kar danshi ya ci min faya-fayai."

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane danshinsa ba. Takalmi in ka bar shi sati biyu sai ya yi gashi. Kullum da safe nakan shiga in buɗe tagogi, in ba shukokinta ruwa, da yamma in rufe. A kwana na goma na buɗe ƙaramin akwatin don in duba, sai wari ya buge ni. Fumfuna ta fara yi wa kwalayen fari-fari a gefe.

To ni 'yar Kano ce. A gidanmu duk abin da ya yi danshi, ko katifa, ko littafi, ko garin tuwo, ko kayan lefe, rana ce maganinsa. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Ban ma taɓa sauran ɗaruruwan faya-fayan da ta jera a kan kantar falonta ba. Na ce bari in fara da waɗanda ta fi so. Na zaro su ɗaya bayan ɗaya, na goge da tsumma mai laushi, na shimfiɗa tabarma a baranda inda rana ta fi bugawa, na jera su reras, mai rawayan a tsakiya. Har wani daɗi nake ji, ina cewa yau na rama wa Makcik kaɗan daga cikin alherinta.

Na koma na shayar da yarinya, na ɗora girki, na yi azahar. Sai da na ga hadari ya haɗo, kamar yadda yake yi kusan kullum da rana ta karkata, sannan na tuna da shanyata. Na ruga don kar ruwa ya taɓa su.

Ashe ba ruwa ne abin tsoro ba. Duk bakwai ɗin sun lanƙwashe, gefe ya tashi, gefe ya lotsa, kamar gurasar da aka cire daga tanderu. Na ɗauki mai rawayan, ya ƙona min yatsu. Na zauna daɓas a kan tabarmar.

"Malam! Zo ka gani!"

Ya shigo da biro a hannu, ya tsaya ya yi salati. "Me kika yi haka? Roba ce fa! You can't put them in the sun!"

"To ni ina na sani? Fumfuna na gani!"

"Ki tambaya mana! Ina ɗaki, taku goma ne tsakaninmu."

Sai na fashe da kuka. Da ya ga haka ya sassauto. Ya ciro gilashin teburinmu, muka danne su a ƙarƙashinsa, ya jibga duk manyan littattafan karatunsa a kai. Sati guda muna ɗagawa muna dubawa. Biyu sun ɗan miƙe, sauran ko gezau. Ya duba ko'ina a intanet ko za a samu mai rawayan a saya, babu shi babu alamarsa.

Ana cikin haka saƙon murya ya shigo daga asibiti. Da ƙyar take magana, ana jin hucin iskar da aka sa mata. Ta tambayi jaririya, ta tambayi shukoki. Sannan ta ce, "Kullum ina rera mai rawayan nan a raina, shi nake bi ina jan numfashi. Ki ce masa ya jira ni."

Maigidana ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ce, "Just put them back. Gidan da zafi, za ta ɗauka zafin ɗaki ne. Matar da ta fito daga bakin mutuwa za ki tara da wannan labari?"

Ga inda na fi jin kunya a duk labarin nan: na mayar da su. Na zura kowanne a kwalinsa, na rufe akwatin, na ajiye daidai inda na same shi. Kwana huɗu ina shiga ina buɗe taga ba na kallon wajen. Amma duk sanda na buɗe durowata sai in ga dogon ƙyallen da ta riƙa ɗaure min ciki da shi, a ninke. Matar da ta ga tsiraicina ta rufa, ita zan bari ta zargi ɗakinta a kan abin da hannuna ya yi?

Ta dawo bayan kwana ashirin da 'yan kai, da hantsi, ta rame har mayafinta ya yi mata yawa. 'Yarta ba ta samu izinin tsallako jiha ba, mu muka tarbe ta. Na bari ta zauna, ta sha shayi. Sannan na ɗauko akwatin na durƙusa a gabanta, na faɗa mata komai, har da mayarwar da na yi da niyyar in yi shiru.

Ta zaro mai rawayan, ta ɗaga shi daidai idonta, ta juya shi a hankali. Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Ajiye min makullina. Ina so in huta."

Kwana uku babu kiɗa a bangon nan. Ni da na taɓa roƙon Allah ya kawo ranar da zai yi shiru, sai ga ni ina kafa kunne a kicin. Na kai mata abinci na ajiye a ƙofa, kwanon ya dawo a wanke, babu magana. Yarinya ta ƙi barcin rana. Na gama sallamawa cewa na rasa uwar da Allah ya ba ni a baƙon gari, kuma na san ni na jawo.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka ƙwanƙwasa, ashe Makcik ce. "Ɗauko jikata ki zo."

Ta zaunar da ni kusa da ita a gaban kwamfuta. Fuskoki sun fi ashirin, duk furfura, suna ta murnar ganinta da rai. Ta ce musu, "Na yi muku alkawarin na ɗaya. Ga shi, amma ya ɗan sha rana. Wannan 'yata ce daga Najeriya. A garinsu rana magani ce, shi ne ta yi masa magani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ɗora faifan, ta sauke allura. Allurar ta riƙa hawa da sauka, muryar matar tana rawa kamar mai waƙa cikin kuka, a wuri ɗaya ma ta yi tsalle ta wuce baiti guda. Amma gangar tana nan, ba gudu, ba jan ƙafa. Suka saurara har ya ƙare. Yarinya ta yi barci a cinyata.

Wani tsoho ne ya fara magana, yana share ido. Ya ce shi ma ya taɓa barin nasa mafi soyuwa a bayan mota da rani. Wata ta ce nata a kan na'urar ɗumama ɗaki ya narke, shekara talatin ke nan ba ta gaya wa mijinta ba. Kafin ka ce me, kowa ya fito da nasa laifin, ana dariya ana hawaye.

Da aka tashi, Makcik ta kashe kwamfuta ta juyo gare ni.

"Na yi fushi da ke, kuma ina da gaskiyar yin fushi. Shekara hamsin faifan nan yana hannuna, ba zai ƙara miƙewa ba. Kwana uku ina kukansa." Ta ɗan huta, don har lokacin numfashinta bai gama dawowa ba. "Kin zaci ban san aikin rana ba? Ga zanen tabarma nan a bayansa. Da kin yi shiru da na gane, ni ma in yi shiru, mu ci gaba da gaisawa a ƙofa har ku bar ƙasar. Faifai ɗaya na iya rasawa. Amma in rasa shi in kuma rasa ki a sati ɗaya, da ya yi min yawa."

Ranar da za mu dawo gida, ta miƙo min mai rawayan. A jikin kwalin ta rubuta kalma biyu da harshensu, jangan jemur, wato kar a shanya.

Yana nan a ƙasan akwatina a Kano, a ɗakin da rana ba ta shiga. Ba ni da garmahon da zan sa shi, ba na ma buƙata. Abin da ya koya min shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ba in amanar wani ce a hannunka, domin abin da ka sani magani ne a gidanku yana iya zama ajalin kayan wani. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, ka kai ta da hannunka. Har yau ina shanya kayana kamar kowace 'yar Kano. Amma na wani, ko tsumma ne, sai na taka taku goman nan na tambaya.