Hular Orest a Gidan Mujiya

Ranar da mujiya ta fizge wa Orest Danyluk hula, yana kan tsani ne, rungume da kwandon wankin matarsa, mu kuma rabin ƙauyen muna ƙasa muna kallo. Hular fatar zomo ce, shekara da shekaru ba a ga kansa ba sai da ita. Ai kuwa sai ga sanƙo fes, yana ƙyalli kamar dusar ƙanƙarar da ke gonarsa.

Na ce, "Maƙwabci, rufa mana asiri, hasken ya yi yawa!"

Bai ko waiwayo ba.

Orest manomin alkama ne a nan Saskatchewan ta ƙasar Kanada, katangarmu ɗaya tun muna samari. Ba ya rera waƙa a coci, ba ya rawa a biki. Abin alfaharinsa mujiyoyin nan masu gashi tsaye a ka kamar ƙaho, da ke kwana a tsohuwar bishiyar bayan rumbunsa. Saboda su ya daina zuba gubar ɓera, wai in mujiya ta ci mataccen ɓera ita ma ta tafi.

Su kuwa ba sa gina sheƙa, sai dai su gaji ta hankaka. To, ta wannan shekarar ta ruɓe, iska ta watsar da ita, 'ya'ya biyu suka faɗo ƙasa, ko fiffike ba su yi ba. In suka kwana a nan, dila ya samu kalaci.

Shi ne ya sure kwandon matarsa Lesiya, ya huda gindinsa don ruwa ya wuce, ya shimfiɗa ƙirare.

Lesiya na ta faɗa: "Tsoho, sauko! Kwandona sabo! In ka karye ba ni ba jinya!"

Uwar mujiyar ta sake kawo farmaki, ta zana masa layi uku a sanƙon. Jini na bin kunnensa, amma sai da ya ɗaure kwandon tam da waya, ya sauko, ya hau da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya cikin rigarsa. Ya dawo yana warin bodari, don shi ne abincinsu, har Lesiya ta hana shi shiga ɗaki sai da ya yi wanka a rumbu.

Da gari ya waye uwar na kwance a kwandon. Kafin a gama shuka, duka biyun sun tashi. Ni kaina, in baƙo ya zo, wurin nake fara kai shi.

Da aka sauke kwandon, sai ga hular a ciki, duk kashi. Na kai masa a tsinin sanda, na ce, "Ranka ya daɗe, ga rawaninka."

Ya dube ta, ya dubi kaina, ya ce, "Tawa ta raini 'ya'ya biyu har sun tashi. Taka fa, me ta taɓa rufewa in ban da fanko?"