Randar da Aka Bari da Gangan

Wata Laraba ce a bazarar da nake aji huɗu, famfon gidanmu na Ƙofar Kware ya kawo ruwa tun kafin a gama share tsakar gida. Randuna uku gare mu a ƙarƙashin rumfa, an kafa gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi, kuma cika su aikina ne kafin in tafi makaranta. Dokar Inna ɗaya ce: "Wadda kika iske babu ruwa ki cika ta, mai ruwa ki ƙyale ta." Ba ta son a gauraya ruwan da ya kwana ya yi sanyi da na famfo mai ɗumi. Ni kuwa ina son doka, domin tana hutar da ni tambayar manya. Na ɗaga faifan kowace na leƙa. Biyu da ruwa, ta ukun, babbar randar Kaka wadda ta zo da ita gidan tun tana amarya, a bushe ƙayau. Na yi ta jido da bokiti har ta cika, na mayar da faifai daidai, na tafi ina jin daɗin kaina.

Abin da ban sani ba, randar ta tsage. Kawu Bello ya liƙe ta da siminti da yammacin Talata, ya ce a ba ta kwana uku ta bushe. Kowa ya ji sai ni, ina ɗaki na duƙufa kan littafi. Da na dawo na tarar da ita ta rabe biyu, agwagi suna facaka a caɓin. Inna ta ɗauko mafici ta nufo ni, Kaka ta tare ta: "Mi tay yi? Abin da kic ce shi tab bi. Wa yag gaya mata da gangan anka bar ta?" Daren nan Kaka ba ta ci tuwo ba.

Yanzu ina jami'a, ina koyon rubuta umarnin da ke sa kwamfuta ta buɗe shafin intanet da kanta, ta danna ko'ina, ta gwada ko yana aiki. Makon jiya na sa lokacin da kwamfutar za ta jira kafin ta danna ya zama sifili, da niyya, amma gwajin ya yi ta jira. Ashe alamar `||=` da na rubuta tana ɗaukar sifili a matsayin gurbin da aka manta, sai ta cike shi da wani adadi. 'Yar'uwarta `??=` ba ta taɓa abin da mutum ya ajiye, ko da sifili ne, sai inda ba a sa komai ba. Na gyara, sai randar Kaka ta faɗo mini a rai.

Gidanmu yau tankin roba ne da firij, an rushe rumfar an yi ɗaki. Kaka ta rasu ban taɓa tambayarta wace mata ce ta gina randar ba, ko a wane gari. Yanzu nake son sani.