Kaskon Turaren Kaka

Ranar wata Asabar, saura kwana uku Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Gwaggo Falmata ta ja hannuna daga Fagge zuwa Sabon Gari don a gyara mata keken ɗinki. A wurina kamar an kai ni wata ƙasa: yare daban, ƙamshin miya daban. Ban so zuwa ba, don har lokacin bayana na raɗaɗi.

Sati guda kafin nan kaskon turaren Kaka ya ɓata. Na tagulla ne, tun daga Barno mahaifiyarta ta zo da shi, kuma ni ke goge shi da toka da lemon tsami, in zuba masa garwashi kullum bayan na share tsakar gida. Da aka rasa shi, sai aka ce garin 'yar carafke na manta shi a zaure. Kawu Modu, ƙanen babana, ya fi kowa kumfar baki, shi ya karyo tsumagiya da hannunsa. Kaka ba ta taɓa ni ba, cewa kawai ta yi, "Na daina ba ki amana." Wallahi wannan ya fi dukan ciwo.

Kusa da mai gyaran keke akwai kantin wani dattijon Ibo mai sayar wa Turawa tsofaffin kaya. Na leƙa. Agogunan bango kowanne da lokacinsa, garmaho mai ƙaton ƙaho, busasshen kada a rataye, takubba duk tsatsa. Can kan tebur na hango kaskonmu da lotsawar gefensa, wani Bature na karkaɗe tokar sigari a ciki. Na kurma ihu, Gwaggo ta taho da gudu. Dattijon ya ce, "Yarinya, ban yi sata ba. Wani dogo mai wushirya ya kawo." Fagge kaf ta san wushiryar Kawu.

Muna tsaye aka naɗe wa Baturen kaskon a takarda ya tafi. Gwaggo ta murɗe min kunne ta ce, "Kika buɗe baki, kin raba gidanmu." Na rufa wa Kawu asiri, kuma har yau ina jin haushin kaina. Kawu ya ci naman Sallarsa hankali kwance. Kaka kuwa ta rasu tana ɗauka ni ce marar amana.

Yanzu na tsufa, 'ya'ya sun kai ni ƙasashen Turawa. Duk kantin tsofaffin kayan da na gani sai na shiga ina dube-dube, jikoki na yi min dariya. Ko na same shi, wadda zan nuna wa ba ta nan.