Ranar da Inna Mai Koko Ta Shiga Akwatin Tamale

Mun tashi da asuba daga Salaga a cikin wani lorin doya, mu uku: ni, da wata tsohuwa mai sayar da koko wadda ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajina na yaƙi da jahilci, da kuma alhajin da muke karatu a zaurensa. Sabon gidan talbijin na Tamale ne ya aiko yana neman ɗalibi ɗaya ya zo ya yi karatu a gaban jama'a. Alhaji kuwa ba rakiya ce ta kawo shi ba. Tun bara yake cewa abin da tsofaffin nan suke yi hadda ce ba karatu ba, shi da ya ga makaho ya sauke Alƙur'ani ba za a ruɗe shi da takarda a hannu ba. Ya riga ya gaya mini, in ya ga hadda ce, ranar da muka dawo zai cika zauren da huhun goro. Ba mu da wani wurin zama sai nan.

Hanyar ta sha ruwan damina. Duk ramin da direba ya kauce wa, sai ya faɗa babbansa. Sau biyu muka sauka muka tura, alhaji yana gefe riƙe da bakin riga yana ba da umarni. A wani ƙauye muka sayi gasasshiyar doya da man ja na sisi, ta ishe mu har da guzuri. Ni dai ban ji daɗinta ba, don tun da muka taso nake sa inna tana maimaita shafin da na zaɓa mata, labarin tsabtar rijiya. Da ta kai karo na biyar sai alhaji ya karanto mana shi tas, idonsa a rufe. Ya ce, "Ticha, ga ni nima na iya boko." Duk lorin aka yi dariya, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tamale garin kekuna ne. Mata da goyo a baya da kwarya a ka suna tuƙi ba ko dafawa. Muka sauka unguwar Zogbeli a gidan wani ɗan garinmu, aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo. Gaisuwa kawai ta ci mana kusan sa'a guda, kowa ya durƙusa sai "Naa, naa", yadda suke amsa gaisuwa a can, har na fara tsoron za mu makara.

A gidan talbijin wani saurayi ɗan Kudu ya tarbe mu, mai Hausar kasuwa da fara'a, shi ne mai gabatar da shirin. Ya nuna inna ya ce, "Maame kaɗai zai shiga. Ticha, kai tafi duba a akwati, ya fi daɗi." Na miƙa mata shafin rijiya, na ja kunnenta kada ta tsaya gaisuwa, minti huɗu ne kacal. Ta karɓa ta cusa a bakin zane.

Bayan magariba muka je dandalin da aka ɗora akwatin a kan tebur biyu. Ban taɓa ganin talbijin ba sai ranar. Mutane sun cika maƙil, direbobin hanyar Salaga suna gaba, masu gyaɗa da rake suna ta ciniki. Aka nuna wani Bature yana gudu a kan doki, jama'a suna yi masa kirari da yarensu na Dagbani. Sai kawai ga inna, ƙarama kamar an zana ta a bayan madubi, ɗankwalinta ja ya koma toka-toka.

Ba ta ciro takardar ba. Ta dubi saurayin ta ce, "Ɗana, in na karanta wadda na zo da ita, mutanen garinmu za su ce hadda na yi, kuma ba su yi ƙarya ba, na haddace ta. Rubuta mini wani abu yanzu, wanda ni ban sani ba, ticha ma bai sani ba."

Alhaji ya gyara tsayuwa. Ni kuwa ban taɓa ba ta rubutun hannun wani ba sai nawa. Saurayin ya zaro alƙalami ya yi rubutu, ya nuna mana ta cikin akwatin, sannan ya miƙa mata.

Ta sa yatsa. Shiru ya yi tsawo har wani a bayana ya ce na'urar ce ta lalace. Sai muryarta ta fito, gaɓa-gaɓa: "Ma-ta-na... ya ce... in sa-yo... ki-fi... da bar-ko-no." Ta ɗaga kai ta dube shi da tausayi. "Ai ka makara, ɗana, kasuwa ta tashi. Yau sai ka san abin da za ka gaya mata."

Dandalin ya kaure. Direbobi suka ɗaga ni sama ba su ma san sunana ba, wata mai gyaɗa ta juye mini rabin tire a aljihu. Na yi kuka a gaban mutane, kuma ban ji kunya ba. Alhaji bai yi tafi ba. Ya dai juya ga na kusa da shi ya ce, "A zaurena ta koya."

Washegari labarin ya riga mu isa gida, don lorin farko ya kai shi. Mata suka tarye mu tun daga tasha da guɗa. Inna ta ce a bar ta ta je ta jiƙa gero, kwana biyu ba ta yi ciniki ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ya faranta mini rai, ya kuma ɗan tsorata ni. Shekara biyu ina faɗar magana ba a yarda ba, akwati ya faɗe ta cikin minti huɗu gari ya gaskata. Da inna ta kasa, haka za a gaskata kasawar tata. Na kuma gane ni ne na fi kowa rashin yarda da ɗalibata.

Da la'asar na je zauren, na tarar ya cika da sababbin ɗalibai, alhaji da kansa yana ƙirga takalman da ke bakin ƙofa. Ya ce, "Ticha, tabarma uku ba za ta isa ba. Gobe a fasa bangon nan a haɗa da ɗakin goro."