Amawalin Mai Busar Tuyo

Shekara huɗu muka yi ni da abokina muna haɗa ƙananan fina-finai a wani ɗaki bayan shagon ɗinkin yayata, cikin tsohon garin Agadas. Ni ke riƙe kamara, shi ke montaj, wato yanka hotuna da jera su a ordinatar, kwamfuta ke nan. Kamarar ta hannu ce, bateri ɗaya gare ta, sai an lallaɓa ta kamar tsohuwar jaka. Mawaƙan biki suna da masu ɗaukarsu. Mu waɗanda gari ke cewa sun ɗan taɓu muke bi: maƙerin da ke kiɗa da guduma a kan uwar maƙera, matar da ke zane da toka da shuni a bayan buhun siminti. Fim na minti goma, mu sa a intanet, mutum ɗari su kalla mu yi ta hura hanci.

Wani direban motar lemu ne ya ba ni labarin wani mai lambu a ƙauyen Timia, can cikin duwatsun Abzin, da ke busa tuyo, bututun robar nan na injin ban ruwa. Wai mai lambun ya yanke guntu, ya huda shi da ƙusa mai zafi, sai ya tayar da injin ya riƙa bin bugunsa da busa. Ina jin haka na ce wa abokina ya ɗaure kaya.

Mutumin dogo ne siriri, ya ba hamsin baya. Kwana uku muna lambunsa bai ce uffan kan busa ba. Shayi kawai yake dafa mana, in zai sha nasa ya ɗan juya gefe ya cusa kofin ta ƙarƙashin amawali, ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Duk wanda ya tashi a Abzin ya san namiji ba ya buɗe bakinsa gaban wanda yake jin nauyinsa, balle suruki. Shi kuwa cikin dangin matarsa yake zaune, lambun ma na surukinsa ne, tsohon yana nan da ransa. Busa ba ta yiwuwa sai an sauke amawali, shi ya sa yake yin ta can ƙarshen lambu bayan itatuwan rumman, inda ba mai zuwa.

Da safiyar kwana na huɗu ya kai mu wurin. Kafin ya taɓa rawaninsa ya dube ni ya ce, "Ɗan birni, ka ɗauki hannuna, ka ɗauki bayana, ka ɗauki ruwa. Bakina dai kada ya bar wurin ga."

Na ɗora hannu a ƙirji na ce, "Baba, na yi maka alkawari." Abokina yana tsaye yana gyaɗa kai.

Ya sauke amawalin, ya fara. Ban taɓa jin irin wannan sauti ba. Na tsaya a bayansa ina ɗaukar kafaɗu da yatsu. Abokina ya zauna a gabansa riƙe da mikro na ɗaukar sauti, salularsa, wato wayar hannu, a kan gwiwa, na ɗauka ƙarfin sauti yake dubawa. Da aka gama mutumin bai mayar da amawalin ba. Haka ya sha shayi tare da mu baki buɗe, yana dariya da giɓinsa. Na ji daɗin wannan fiye da fim ɗin.

Tare muka yi montaj, na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, babu fuska. Sai na tafi Iferwan ɗaukar wani biki, don da irin su muke cin tuwo. Ina can abokina ya kira ni yana ɗoki, wai wani taron fina-finai a Turai ya karɓi aikinmu. Na yi murna, ban ce ya turo mini abin da ya aika ba. Wa zai binciki mutumin da suke cin kwano ɗaya?

Bayan wata biyu direban nan ya tare ni a tasha, fuskarsa ba walwala, ya miƙo mini salula. Mai lambun ne, fuskarsa ta cika allon, kumatu a kumbure, leɓe a kan roba, giɓin nan a fili. Direban ya ce wannan guntun fim ɗin namu ya zagaye Timia daga salula zuwa salula, har an nuna wa surukin a ƙofar masallaci.

Na sami abokina a ɗakinmu yana cin gyaɗa. Ko musu bai yi ba. Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, fim ba fuska ai ba fim ba ne. Su can baki suke so su gani. Ni na fid da shi duniya, godiya ya kamata shi yi." Saura kaɗan in rotsa ordinatar da ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar da yake gyaɗa kai ya riga ya shirya, ya zauna kusa da ni sati biyu muna montaj ɗin da ya san ba shi zai aika ba. Kuma a ƙarshen fim ɗin sunana ne a sama. Na ɗauki kamarata na fita, ban sake taka ɗakin ba.

Na bi motar lemu zuwa Timia. Mutumin ya karɓe ni, ya shimfiɗa tabarma, ya tambayi mutanen gida. Amawalinsa ya hau har ƙarƙashin ido. Injin yana aiki, sai na hango guntun tuyon busar an mayar da shi cikin layin ban ruwa, an naɗe hudojin da tsohuwar robar taya, ruwa na ɗiga ta gefe.

Na fara bayani, na ce ba ni ba ne, abokina ne ya ɗauka a ɓoye. Ya bar ni har na ƙare, yana fifita gawayi.

Ya ce, "Shi ban san shi ba. Kai ka ɗora hannu ga ƙirji."

Ya zuba shayi ya miƙo mini. Sannan ya ɗauki nasa, ya juya gefe, ya cusa kofin ta ƙarƙashin amawali.