Usta Mitwalli da Bindigogin Ɗakin Ƙasa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai na safe Usta Mitwalli Sarhan, gwanin gyaran bindiga, yake sauka daga motar haya a Isma'iliyya, ya ci wake da gurasa a tsaye, ya gangara ɗakin ƙasa na gidan tarihinmu, inda tsoffin bindigogin soja suke. Ya ɗauki tsumma da mai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis ya ajiye aiki.

Ni mai raka baƙi ne a gidan. Na sha gani, ko idonsa a rufe aka miƙa masa bindiga zai ce wannan ta Ingila ce, wannan ta Beljiyam mai tambarin sarki, wannan Hakim ce ƙirar gida, waccan ƙanwarta Rashid, gajera mai wuƙa a maƙale. Ƙarar Hakim ce ta kashe masa kunnen hagu tun yana soja.

"Usta, ka ji ni kuwa?"

"Zagayo ta dama, ɗan nan. Wannan ɓangaren ya riga ni ritaya."

Shekaru shida da suka wuce wani makiyayi ya tsinci wata Hakim a rairayin hamadar Sina, aka kawo mana ita tsatsa ta cinye. A ƙotarta an karce sunan Fatahi Gabir da na ƙauyensu. Kwana tara Usta yana jiƙa ta da kananzir kafin ta buɗu. Ya shiga mota da kansa, ya nemo ƙanwar mai ita, Hajja Nawal, tsohuwa mai dogara sanda.

Fatahi bai dawo daga yaƙin Sina na shekarar alif ɗari tara da sittin da bakwai ba. A ƙauye cewa ake ya yar da makami ya gudu, kuma da wannan gorin uwarsu ta rasu.

Usta ya nuna mata gidan harsashi, wayam. Ya ɗora mata kwanson da ya ciro a tafin hannu.

"'Yar'uwa, wannan ne na ƙarshe. Ya harba shi, kwanson ya maƙale. Mai gudu ba ya tsayawa ya ƙarar da harsashi."

"To, ina ya tafi, Usta?"

"Wannan kam ƙarfe bai faɗa mini ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta ƙulle kwanson a gefen mayafi.

Usta, kai ne ka wanke mamacin da ba ka taɓa gani ba. Yau tsufa ya cim maka, kuma har yanzu ba a turo wanda zai gaje ka ba. Mun gode, Allah Ya hutar da kai. Ku kuma masu ƙarfi a jika, gidansa na bayan tashar jirgi. Ku je ku zauna gabansa ku koya, tun yana iya riƙe bindiga ya nuna muku.